Cire mahaifa ta ƙananan huji: tambayoyi da amsoshi ga matan da aka yi wa maganar aikin

A arewacin Kamaru, daga Garwa zuwa Marwa, daga Ngaundare zuwa Kuseri, mace ce za ka ga ta fito daga ɗakin likita riƙe da takardar da aka rubuta da Faransanci, an ce mata za a cire mahaifarta da kyamara. Ta gyaɗa kai a ciki saboda kunya, tambayoyin kuma sai a bakin ƙofa suke zuwa mata. Aikina a sashen mata na asibiti ne, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mana. Amsoshin ba za su maye gurbin likitan da ya duba ki ba, amma za su sa ki koma wurinsa kin san abin da za ki tambaya.

Wane irin aiki ne wannan, kuma me ya raba shi da tsaga ciki?

Hanyoyi uku ake bi a cire mahaifa. Ta farko a tsaga mara, kamar yadda ake yi wa mai haihuwa da tiyata. Ta biyu a bi ta gaba, ba tare da an taɓa fatar ciki ba. Ta uku ita ce wadda likitocinmu ke kira seliyoskopi: a huda ciki wuri uku ko huɗu, kowane huji tsakanin milimita 5 zuwa 12, a zura kyamara ta cibiya, a zura dogayen kayan aiki ta sauran, likita yana kallon cikin a allo yana aiki. Wani likita a Amurka mai suna Harry Reich ne ya fara cire mahaifa ta wannan hanya a 1988, saboda haka ba gwaji ake yi a kanki ba.

Amfaninta a bayyane yake: ciwo ya fi sauƙi, rauni bai cika ruɓewa ba, ana barin asibiti bayan kwana 1 ko 2 maimakon 3 zuwa 5, kuma ana komawa harkoki da wuri. Sai dai ki riƙe wannan tun yanzu, 'yar'uwa. Hujin ne kawai ƙarami. Abin da ake yankewa da ɗinkewa a ciki daidai yake da na wadda aka tsaga wa ciki.

Wace cuta ce ke kai mace ga wannan?

Wadda ta fi kawo mana mata ita ce ƙarin mahaifa, wanda takardar eko, wato hoton ciki, ke kira fibrom. Ba sankara ba ne, tsiro ne na tsokar mahaifa, kuma ya fi yawa a matan baƙar fata, ya fi saurin fito musu, ya fi girma. Wani ba ya damun mai shi har ta tsufa. Wani kuwa yana sa jinin al'ada ya yi ta zuba da gudaji har mace ta ɗashe, tana haki in ta yi 'yar tafiya, ko ya danne mafitsara tana ta zaryar bayan gida.

Akwai kuma wadda shimfiɗar cikin mahaifarta ta kutsa cikin tsokar, kowane wata sai ta kwanta da ciwon mara. Akwai zubar jinin da ya gagari magani, da sankarar cikin mahaifa, da canjin bakin mahaifa mai tsanani da ke ta dawowa bayan an yi magani. Wadda mahaifarta ta zazzago kuwa, yawanci ta gaba aka fi cire mata.

Ba wata dabara sai an cire?

Sau da yawa akwai, kuma haƙƙinki ne a lissafa miki su. Ana iya cire ƙarin kaɗai a bar mahaifa, musamman ga mai neman haihuwa, kodayake yana iya sake tsirowa. Akwai ƙwayoyin rage zubar jini da ake sha a kwanakin al'ada. Akwai 'yar robar da ake sa wa cikin mahaifa mai sakin sinadari a hankali, wadda ke rage jini sosai na shekaru. Wadda ta kusa shekara 50 ma tana iya lallaɓawa da magani, domin ƙarin yakan motse idan al'ada ta ɗauke.

Abin da ba shi da makawa shi ne, idan an cire mahaifa an gama da ɗaukar ciki har abada. Ba ta sake tsirowa, kuma duk mai maganin da ya ce zai dawo miki da ita kuɗinki yake so. Idan da sauran burin haihuwa a ranki, ko da ɗan kaɗan ne, faɗa wa likita da bakinki. Kada ki bar wa mai fassara ko ƙanin maigida wannan magana. A ganina, matar da ba cutar gaggawa ce da ita ba ta cancanci a ba ta makonni ta yi tunani, ta yi istihara, ta ji ta bakin wani likitan idan tana so.

Ki faɗa mini yadda ake yi, daki-daki. Na fi tsoron abin da ban sani ba.

To. Za a sa miki ruwa a jijiya, a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a sa ki barci gaba ɗaya. Bayan kin yi barci ake zura bututun numfashi a maƙogwaro da robar fitsari. Ana ɗaga ƙafafu a kan mariƙi, a wanke ciki da gaba da maganin tsabtacewa, a lulluɓe ki da ƙyallaye sai wurin aiki kawai.

Likita zai yi ƙaramin yanka a cibiya ya hura iskar kabon cikin ciki, ita ce irin iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, kuma jiki ya san yadda zai kawar da ita. Iskar tana ɗaga fatar ciki sama a samu sarari. Daga nan a zura kyamara, a yi sauran hujin a ƙasan ciki ana kallo daga ciki don kada a soki wani abu. Ana karkata gadon, kai ya yi ƙasa, domin hanji ya gangara ya ba da wuri. Wani mataimaki kuma yana riƙe da wani ƙarfe da aka sa ta gaba cikin mahaifa, yana juya ta hagu da dama yadda likita ke so.

Kafin a yanka komai ana duba cikin duka: hanta, hanji, gidajen ƙwai, da bututai biyu masu kawo fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, waɗanda ke bi ta gefen mahaifa dab da jijiyarta. Sannan a fara raba mahaifa da igiyoyin da ke riƙe da ita, daga sama zuwa ƙasa. Kowace jijiya sai an matse ta da wani hantsaki mai aiki da lantarki, ya toshe ta da zafi, kafin a yanke. Ana ture mafitsara ƙasa a hankali domin tana manne da gaban mahaifa. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, a nan aikinta ke ɗaukar lokaci, saboda tabo yakan liƙe su wuri ɗaya. Sai a zo kan manyan jijiyoyin mahaifa biyu, ta dama da ta hagu. Da an toshe su za ka ga mahaifar ta canza launi, alamar jini ya daina shigarta.

Daga nan ake zagaye bakin mahaifa da yanka a raba shi da saman farji, a jawo mahaifar ta fito ta gaba. Saman farjin da ya rage a buɗe sai a ɗinke shi da zaren da ke narkewa da kansa. A wanke ciki, a rage iskar a duba ko akwai inda ke tsattsafar jini, a fitar da kayan aiki, a ɗinke hujin. Yawanci awa 1 zuwa 3 ne, gwargwadon girman mahaifa da yawan tabon da aka tarar.

Cikina kamar mai wata biyar. Ta ina wannan zai fito?

Lafiyayyar mahaifa tsawonta bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, tana fita ta gaba ba wahala. Wadda ƙari ya kumbura sai an rage ta: ko a yayyanka ta da wuƙa ta gaba, ko a sa ta cikin wata jaka a fitar da ita gunduwa-gunduwa ta hujin da aka ɗan faɗaɗa. Akwai injin da ke yayyanka nama a cikin ciki, amma a 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa, domin jefi-jefi abin da aka ɗauka ƙari ne yakan zama da ɓoyayyiyar sankara, injin kuma ya watsa ta. Tambayi likitanki ta ina zai fitar, kuma ko cikin jaka. Idan mahaifar ta kai cibiya ko ta wuce, ya ce miki tsagawa ta fi aminci, kada ki ga kamar an rage miki wani abu.

Me za a cire, me za a bari?

Wannan tambaya ta fi ta yawan huji muhimmanci, amma ba a cika yin ta ba. Abubuwa huɗu ne: jikin mahaifa, bakinta, bututan ƙwai, da gidajen ƙwai biyu. Yawanci ana cire jiki da baki tare. Idan an bar bakin, dole ki ci gaba da gwajin sankarar bakin mahaifa, kuma wasu kan ga ɗan jini duk wata. Bututan ƙwai ba su da sauran aiki, kuma yanzu likitoci da yawa suna cire su domin an gano wani nau'in sankarar gidan ƙwai daga cikinsu yake farawa. Gidajen ƙwai kuwa, ga wadda ba ta daina al'ada ba kuma lafiyarsu ƙalau, barin su ake yi. Ki sa a rubuta abin da kuka yarda a kai a takardar da za ki sa wa hannu, har da abin da za a yi idan an shiga an tarar ɗaya ya lalace.

An ce zan tsufa nan take, in fara gemu, in zama kamar namiji.

Sinadaran da ke riƙe da jikin mace daga gidajen ƙwai suke fitowa, ba daga mahaifa ba. Muddin an bar su, fata, murya, nono da sha'awa suna nan yadda suke. Al'ada ce kawai za ta tsaya. Gidajen za su ci gaba da aiki har lokacinsu ya yi, kodayake ga wasu yakan zo ɗan da wuri.

Idan an cire su duka biyu, to alamomin ɗaukewar al'ada za su zo cikin kwanaki: zafi mai taso wa fuska, gumin dare, rashin barci, bushewar gaba, daga baya kuma raunin ƙashi. Wanda ya san zafin Garwa a watan Afrilu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai maganin da ke maye gurbin sinadarin, kuma ya kamata a yi maganarsa kafin aiki. Gemu da zama namiji kuwa, babu su ko ta wace hanya.

Jinin al'adar da ba zai fita ba, ina zai taru?

Ba zai taru ko'ina ba. Jinin al'ada shimfiɗar cikin mahaifa ce da ke ginuwa duk wata ta zube. Ba dattin jiki ba ne da ke neman hanya. Idan babu mahaifa babu shimfiɗar, jinin kuma yana zamansa a jijiya yana amfanar ki. Ƙwan da ke fita duk wata ido ba ya ganinsa, narkewa yake yi. Wurin da mahaifar ta bari ma ba ya zama rami, hanji ne ke cike shi.

Maigida fa? Ina tsoron ya ce na canza.

Farji yana nan da tsawonsa kusan yadda yake, samansa ne kawai aka rufe. Yawancin maza ba sa jin wani bambanci, mata da yawa kuma sukan ce abin ya fi da, tunda jini da ciwon da ke raba su da shimfiɗa sun tafi. Maniyyi ba ya cutar da ke, yana fita kamar yadda ya saba.

Ga maigida kuma, Malam, ga abin da ake roƙo a wurinka. Haƙurin mako 6 zuwa 8, wani likitan ma zai ce 12, har sai an duba an ce ɗinkin ciki ya kama. Wannan ɗinki yana iya ɓallewa idan aka yi gaggawa, har hanji ya leƙo, kuma wannan komawa ɗakin tiyata ce cikin dare. Mun san mace ba ta iya cewa a'a a gidaje da yawa, shi ya sa muke so mijin ya zo ya ji da kunnensa. Sannan ka tsare mata sirrinta. Gorin da ake yi wa matar da aka cire wa mahaifa, daga kishiya ko dangin miji, yana sa wasu su zauna da jini har su mutu. Ba dole ba ne unguwa ta san sunan aikin da aka yi mata.

Mene ne haɗarinsa? Kada ki ɓoye mini.

Yawanci lafiya ake fita, amma babban aiki ne. Ana iya zubar da jini har a buƙaci ƙarin jini. Ana iya samun ciwon sanyin fitsari saboda roba, ko ruɓa a saman farji. Gudan jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, shi ya sa muke tayar da mace ta taka tun ranar farko, wasu kuma a yi musu allurar tsinka jini.

Wanda ya fi damun likitoci shi ne rauni ga mafitsara, ko bututun fitsari, ko hanji. A hannun waɗanda suka saba, raunin hanyar fitsari ba ya kai mace 2 cikin 100. Idan an gani a lokacin ana gyarawa nan take. Matsalar ita ce wanda zafin lantarki ya jawo, domin ba ya nuna kansa ranar: naman yakan ɗauki kwanaki kafin ya huje, mace tana gida sai fitsari ya fara yoyo ta gaba, ko ciki ya kumbura da zazzaɓi. Rasa rai yana da wuya ƙwarai a aikin da aka shirya masa, amma babu likitan kirki da zai ce miki babu shi sam.

Ya ce wataƙila ya fara da kyamara ya ƙare da tsagawa. Rashin iyawa ne?

A'a. Idan ya tarar hanji ya manne, ko jini ya hana shi gani, ko na'ura ta samu matsala, buɗe ciki shi ne hankali. Ni na fi natsuwa da likitan da ya faɗi haka tun farko.

Akwai wadda wannan hanya ba ta dace da ita ba?

Akwai. Mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani ba lalle ta jure iskar da karkata gadon ba. Wadda aka tsaga wa ciki sau da yawa, ko mai ƙaton ƙari, sai an auna. Babba a ciki ita ce mai sankarar bakin mahaifa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa aikin ta ƙananan huji cutar ta fi dawo musu, kuma sun fi mutuwa, a kan waɗanda aka tsaga. Tun daga nan tsagawa ce ƙa'ida ga mafi yawansu. Wannan ya shafe mu sosai, domin sankarar bakin mahaifa tana cikin nau'o'in sankarar da suka fi kashe mata a Kamaru da Chadi. Kada a cire miki mahaifa saboda zubar jini ba a duba bakinta ba tukuna.

Wane shiri zan yi?

Gyaran jini shi ne na farko. Matan da ƙari ya daɗe yana zubar wa jini sukan zo jininsu ya yi ƙasa sosai, kuma ya fi kyau a ɗaga aikin a sha ƙwayar ƙarin jini na makonni, a ci hanta, kifi, wake da zogale, da a shiga a haka. Wasu ana yi musu allurar wata-wata kamar na wata 3 don tsayar da jini da rage ƙarin. Asibitocinmu sukan nemi dangi su ba da jini a ajiye, saboda haka a nemi masu bayarwa tun da wuri, kada a bari sai daren aiki.

Ki kawo duk maganin da kike sha a leda ki nuna wa mai ba da maganin barci: na hawan jini, na suga, asfirin, har da jiƙo, tsimi da sassaƙe. Ba faɗa za a yi miki ba. Wasu suna tsinka jini, wasu suna karo da maganin barci. Idan kina da sikila ko asma, ko wani magani ya taɓa fito miki da ƙuraje, faɗa. Abinci ana barinsa aƙalla awa 6 kafin aiki, kuma kunu da fura abinci ne. Ki wanke cibiya da sabulu sosai, kada ki yi aski da reza, kuma ki bar baƙin lalle a farce sai bayan an sallame ki, domin yana iya rikita na'urar da ake maƙalawa a yatsa.

Idan ban farka daga barcin ba fa?

Akwai ma'aikacin da ba shi da wani aiki a ɗakin sai kallon numfashinki, bugun zuciya da jininki daga farko har ƙarshe. Ana daina ba da maganin kike fara farkawa. Abin da aka fi samu shi ne tashin zuciya, rawar sanyi da kaushin maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu. Masu tsoron za su tona asiri cikin magagi su kwantar da hankali, da bututu a maƙogwaro ba a magana.

Me ya haɗa aikin mahaifa da ciwon kafaɗa?

Ragowar iska ce ke taɓa tantanin da ke ƙarƙashin huhu, jijiyarsa kuma ta haɗu da ta kafaɗa, sai a ji ciwon a can. Yakan wuce cikin kwana 2 ko 3, tafiya tana taimakawa. Ana cire robar fitsari cikin kwana ɗaya, ana fara shan ruwa bayan 'yan awanni. Idan muka tambaye ki ko kin yi tusa, kada ki ji kunya, alama ce hanji ya farka.

Yaushe zan koma aikin gida?

A nan ne muka fi samun matsala, kuma ba daga ɗakin tiyata take zuwa ba. Wadda aka tsaga wa ciki kowa yana ganin ɗinkinta, ana tausaya mata, ana ɗauke mata girki. Wadda aka huda kuwa ta dawo da 'yan filasta huɗu tana tafiya da ƙafarta, sai gida ya ɗauka ta warke. Kwana biyar an miƙa mata muciya. Ita ma da ta ji ƙarfi sai ta ji kunyar kwanciya, ga baƙi masu zuwa sannu, ga yara. Alhali ɗinkin da ke saman farji bai san da wannan ba, makonni shida yake nema kamar na kowa.

Saboda haka a makonni 6 na farko babu daka, babu jan guga a rijiya, babu tuƙin tuwon gida guda, babu wanki a duƙe, babu goyo. Kada ki ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce cif. Hawa babur a hanya mai gargada a bar shi na makonnin farko. Tafiya a tsakar gida kuwa ki yi ta kullum, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan, kwanciya wuni guda ita ma cuta ce. Mai aikin zama a ofis ko shago tana iya komawa bayan mako 3 ko 4. Sannu ba ta hana zuwa.

Ki tsare kanki daga taurin bayan gida, domin yunƙuri yana matsa ɗinkin: ruwa da yawa, musamman a bazara, miyar kuɓewa da ta kuka, gwanda, ganye. Wanka na yau da kullum babu laifi, a shanya hujin da tsabtataccen ƙyalle. Amma wannan ba jego ba ne, Inna. Babu wankan tafasasshen ruwa, babu gasa ciki, babu zama cikin ruwan magani, babu matsi ko cusa wani abu ta gaba, komai sunan wadda ta haɗa shi. Ɗan ruwa mai ja ko ruwan ƙasa yana iya fita har makonni, ƙunzugu ya isa.

Kafin a sa ranar aiki, a zauna a gida a san wa zai ɗauki girki da ruwa. Idan babu, gara ta yi jinyarta a gidan iyayenta ko na 'yar'uwarta.

Salla da azumi fa?

Marar lafiya yana da rangwame: ki yi salla a zaune kwanakin farko, ki koma tsayuwa da sujada idan sun daina ja miki ciki. Ta fuskar likita, jinin da ke fita bayan an cire mahaifa duka na rauni ne, ba na haila ba. Ki kai wa malami ko malamar Islamiyyarku wannan bayani su faɗa miki hukuncin tsarki. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, a sa shi nesa da watan azumi, domin jiki mai jinya yana son ruwa da magani a kan lokaci, ƙarancin ruwa kuma yana ƙara haɗarin gudan jini.

Wace alama ce za ta sa in koma asibiti ba jira?

Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ciwon cikin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kumburin ciki da amai, jan jini mai jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ruwa mai wari, ruwa kamar fitsari da ke zuba ta gaba ba tsayawa, kasa yin fitsari, ciwo a kwiɓi ɗaya, kumburin ƙafa ɗaya, ko ciwon ƙirji da haki. A ƙasarmu kowane zazzaɓi sai a ce na sauro ne a sayi magani a tebur. Bayan tiyata kada a yi haka. A gwada na sauron, amma a sa likita ya taɓa cikin.

A ina ake yi, kuma me zan tambaya game da kuɗi?

Aikin yana son na'ura, iskar kabon, wutar da ba ta yankewa, da ma'aikatan da hannunsu ya faɗa. An fi samun waɗannan a manyan asibitocin Yawunde da Duwala. A Yawunde akwai cibiyar CHRACERH da aka buɗe a 2016 musamman don tiyatar kyamara da matsalolin haihuwa. A arewa da Njamena, ki fara da likitan mata na babban asibitin da ke kusa da ke, shi zai faɗa miki ko suna yi ko su tura ki. Matambayi ba ya ɓata: tambayi likitan ko ya saba yin wannan aikin da kyamara, ko akwai janareto, ko akwai jini a ajiye.

Ki nemi lissafin kuɗi a rubuce, ya haɗa da gwaje-gwaje, maganin barci, gado, magunguna, gwajin naman da aka cire, da abin da zai ƙaru idan an koma tsagawa. Idan daga nesa kika zo, ki ƙara kuɗin masauki, domin bai kamata ki hau jirgin ƙasan Ngaundare ko motar Marwa washegarin sallama ba. Ki zauna kusa da asibitin kamar kwana 10, lokacin da ɓoyayyen rauni ke bayyana. A kan hanya kuma ki riƙa motsa ƙafa, kina sauka ki taka duk inda aka tsaya. Idan kuɗin kyamara zai sa a sayar da gona, ki sani cirewa ta gaba, ga wadda ta dace da ita, tana da saurin warkewa irin wannan kuma ta fi araha.

Mahaifar da aka cire, ina ake kai ta?

Ɗakin gwaji ya kamata ta je, a yanka ta a duba da madubin ƙara girma, domin a nan ne kawai ake tabbatar da cewa babu sankara. Daga arewa sau da yawa sai an aika da ita kudu, sakamakon kuma yakan ɗauki makonni. Iyalai da yawa ba sa komawa karɓa tunda mai jiki ta miƙe, wasu ma sukan nemi a ba su naman su binne. A bari a gwada tukuna. Ki karɓi sakamakon, ki kai wa likita ranar dubawar mako 6, ki kuma nemi takardar bayanin aikin da ke nuna abin da aka cire da abin da aka bari. Ki adana su tare da katin asibitinki, domin duk likitan da zai duba ki nan gaba zai tambaye su.